Yadda Ake Ƙulla Haɗin Gwiwar Binciken Cutar Daji Tsakanin Ƙasashe

Hukumar Binciken Cutar Daji ta Duniya, wadda aka kafa a 1965 ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, mai hedikwata a birnin Liyon na Faransa, kuma aka fi saninta da IARC, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutane kusan miliyan 20 ne suka kamu da cutar daji, kimanin miliyan 9.7 kuma suka rasu sanadiyyarta. Duk da wannan yawa, da zarar an rarraba cutar gida-gida, an ware ta ƙashi daban, ta jini daban, ta ƙananan yara daban, sai a tarar majinyatan da asibiti ɗaya, kai har ƙasa ɗaya, ke gani ba su kai a gina hukunci a kansu ba. Bayanin da ke tafe na mai bincike ne, ko shugaban sashe a asibiti ko jami'a, wanda ke shirin haɗa hannu da takwarorinsa na wata ƙasa. Yawancin abin da ke raya irin wannan aiki ko ya kashe shi ana yanke shi ne tun kafin a ɗauki majinyaci na farko, don haka a nan ne bayanin zai fi daɗewa.

Tambayar da ta fi ƙarfin ƙasa ɗaya

Da farko a rubuta tambayar binciken a cikin jimla ɗaya, sannan a tambayi kai abin da zai hana a amsa ta a gida. Idan babu abin da zai hana, to a yi aikin a gida, domin shigo da wata ƙasa yana ninka takardu da kuɗi da lokaci. Dalilan da suka isa a tsallaka iyaka dominsu ba su da yawa. Wani lokaci cutar ce ba a cika samunta ba, kamar dajin ƙashi da ya fi kama matasa: sai da gwajin EURAMOS-1 ya haɗa ƙungiyoyin bincike 4 da ƙasashe 17, daga 2005 zuwa 2011, kafin ya tara majinyata 2,260. Wani lokaci kuma amfanin maganin da ake nema ne bai yi girman da gwaji ɗaya zai nuna shi ba, shi ya sa tun daga tsakiyar shekarun 1980 wata ƙungiya mai cibiya a Oksfod take tattara bayanan matan da suka shiga gwaje-gwajen maganin sankarar mama a ƙasashe daban-daban, kuma ta wannan hanya aka tabbatar cewa shan maganin tamoxifen na shekara 5 yana rage mutuwa daga cutar da kusan kashi ɗaya cikin uku, ga matan da irin cutarsu ke bin estrojin, wato sinadarin jikin mace da ke haɓaka wasu nau'o'in cutar.

Dalili na uku, wanda a ganina ya fi sauran daraja, shi ne bambancin da ke tsakanin al'ummomi. Idan mutanen ƙasa guda kusan rayuwarsu iri ɗaya ce, da wuya a gane abin da ke cikin rayuwar tasu da ke jawo cuta, domin babu wanda za a kwatanta su da shi. Wannan ne ya sa binciken EPIC ya ɗebi mutane fiye da 500,000 a cibiyoyi 23 na ƙasashen Turai 10 a shekarun 1990, tun daga kudancin nahiyar har arewacinta, don a ga alaƙar cimaka da salon rayuwa da cutar daji.

Abin da ya kamata a guje wa shi ne farawa da bikin sa hannu. Sau da yawa shugabannin jami'o'i biyu kan rattaba hannu a takardar fahimtar juna, a ɗauki hotuna, a watse, alhali babu tambaya, babu mai alhakin aiki, babu ko sisi a kasafin kuɗi. Irin wannan takarda a cikin durowa take ƙarewa. Yarjejeniyar manya tana da amfani idan an ɗora ta a kan ayyuka takamaimai, kamar wadda gwamnatin Ailan da ta Ailan ta Arewa da Cibiyar Cutar Daji ta Ƙasa ta Amurka suka ƙulla a watan Oktoba na 1999, shekara guda bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998, inda aka mai da hankali kan haɗa alƙaluman rajistar cutar na ɓangarorin tsibirin biyu, da horar da ma'aikata, da gwaje-gwajen magani.

Neman abokin aiki

Ba sai an ƙirƙiri hanya sabuwa ba, tunda akwai ƙungiyoyin da aikinsu ke nan: EORTC da ke Burasels ta faro tun 1962 tana shirya gwajin magani tsakanin ƙasashe, UICC da ke Jeniba tana haɗa ƙungiyoyin yaƙi da cutar, a Afirka kuma akwai AORTIC mai kula da bincike da horarwa a kan cutar, da ƙungiyar cibiyoyin rajistar cutar daji ta AFCRN. Amma sunan cibiya ba shi ne ke yin aiki ba. A je da kai a gani, a shiga ɗakin gwaje-gwaje da ɗakin ajiyar fayiloli, a buɗe littafin rajista a ƙirga majinyata nawa masu irin cutar da ake nema aka gani bara, domin kusan kowane likita yakan zaci majinyatansa sun fi yadda suke yawa. A kuma nemi sanin wanda zai riƙe aikin yau da kullum, wanda galibi ba farfesan da ya zo taro ba ne, wata ma'aikaciyar jinya ce ko wani ƙaramin likita da aiki ya riga ya yi masa yawa. Idan ba a saya masa lokaci a cikin kasafin kuɗi ba, aikin zai koma na dare da ranakun hutu, daga nan ya tsaya.

Kowa ya auna abu ɗaya da ma'auni ɗaya

A nan gizo ke saƙar. Bayanan ƙasashe biyu ba sa haɗuwa sai idan kalma ɗaya tana nufin abu ɗaya a wurare biyun, kuma wannan ba ya samuwa da kansa. Akwai ma'aunai da duniya ta amince da su, a yi amfani da su ba tare da ƙirƙirar sababbi ba: kundin ICD-O domin sanya wa kowane ƙari lamba bisa gurbinsa a jiki da kamanninsa, tsarin TNM domin bayyana matakin da cuta ta kai, da ƙa'idar RECIST domin auna ko ƙari ya ragu ko ya ƙaru a hoton asibiti. A rubuta bugun da za a bi a cikin kundin tsarin binciken, domin ana sabunta su lokaci-lokaci, kuma majinyacin da bugu ɗaya ya sa a wani mataki, bugu na gaba zai iya sa shi a wani.

Bayan haka a zauna a rubuta ƙamus na bayanai, inda za a fassara kowane gurbi na fom ɗin da za a cike. Gurbin da ake ganin ba ya bukatar bayani shi ne ya fi ɓata aiki. Ranar gano cuta, alal misali, wani asibiti yana nufin ranar da majinyaci ya fara zuwa, wani yana nufin ranar da aka yanko nama, wani kuma ranar da sakamako ya fito, kuma tazarar da ke tsakaninsu kan kai makonni ko watanni, wadda ta isa ta sa a ce majinyatan wata ƙasa sun fi na wata tsawon rai alhali lissafi ne ya bambanta. Haka ma rubuta kwanan wata, tunda a Amurka wata ake fara rubutawa kafin rana, a yawancin ƙasashe kuwa rana ce a gaba. A kuma bambanta gurbin da aka bari don ba a tambaya ba da wanda aka tambaya majinyaci ya ce bai sani ba. Inda dole kowace ƙasa ta yi amfani da nata fom, a yi koyi da dabarar EPIC, wanda ya bar kowace cibiya da takardar tambayoyinta, amma ya zaɓi wani kaso na mahalarta a dukkan ƙasashen aka yi musu hira iri ɗaya kan abin da suka ci cikin sa'a 24 da suka wuce, aka yi amfani da amsoshin wajen daidaita sauran.

Sai batun naman da aka yanko daga jikin majinyaci, wanda ya cancanci a tsaya a kansa sosai, domin duk binciken da ke biyo baya a kansa yake tsaye. Daga lokacin da likitan tiyata ya cire ƙari, naman ya fara lalacewa. Ƙa'idar da ake bi a sankarar mama ita ce a saka shi a ruwan fomalin, sinadarin da ke hana nama ruɓewa, mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 kafin sa'a ɗaya ta cika, ya zauna a ciki tsakanin sa'a 6 zuwa 72, ruwan ya ninka girman naman aƙalla sau 10, idan kuma naman babba ne a tsattsaga shi siriri-siriri tukuna, domin fomalin a hankali yake ratsawa. A dubi abin da kan faru idan ba a tsara ba: an gama tiyata da yamma a ƙarshen mako, an cusa babban ƙari ɗungurungum a cikin ƙaramar kwalba da ɗan ruwa, kwalbar ta kwana uku a kan teburi kafin a kai ta ɗakin gwaji. Gefen naman zai kamu, cikinsa kuwa zai ruɓe. Idan aka zo gwada shi don a ga ko cutar tana bin estrojin, sakamako zai iya cewa ba ta bi, alhali tana bi. Illar biyu ce, domin an hana matar maganin da zai amfane ta, sannan an shigar da ƙarya a cikin alƙaluma, har wani ya rubuta cewa cutar mutanen wannan ƙasa ta fi ta sauran muni a halitta, bayan kuwa kwalba ce ta jawo. Maganin abin mai sauƙi ne: a manna takarda a jikin kowace kwalba, a rubuta lokacin da aka cire nama, da lokacin da ya shiga ruwa, da lokacin da aka fitar da shi, a kuma sayi fomalin da kayan rina nama don gwaji daga wuri ɗaya domin dukkan cibiyoyi. Sannan a amince tun farko cewa likitocin nazarin tsoka na ɓangarorin biyu za su sake duba wani kaso na gilasan gwajin juna, wato waɗanda ake ɗora naman a kai a duba da na'ura, kowa bai san hukuncin ɗan uwansa ba, inda aka saɓa a zauna a warware. Yanzu da ake iya ɗaukar hoton gilashin gwaji gaba ɗaya a tura ta intanet, wannan bai zama dole sai an yi tafiya ba.

Bibiyar majinyata ma ma'auni ce. Idan cibiya ɗaya ta san makomar dukkan majinyatanta, ɗayar kuma rabin nata sun ɓace mata, kwatanta su zalunci ne ga gaskiya, domin waɗanda suka daina zuwa asibiti sau da yawa su ne waɗanda jikinsu ya fi tsanani. Binciken ABC-DO, wanda ya bi mata masu sankarar mama a Namibiya da Najeriya da Afirka ta Kudu da Yuganda da Zambiya, ya magance wannan da wayar hannu, inda ake kiran kowace mace ko wani makusancinta duk bayan wata 3, kuma da haka ya iya nuna a 2020 cewa kusan rabin matan ne kawai suka kai shekara 3 a raye bayan an gano cutar. A karɓi lambar waya fiye da ɗaya tun ranar farko, tare da izinin kiran dangi.

Izini, ɗa'a da doka

Amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na wata ƙasa ba ta wadatar a wata. Kowace ƙasa sai ta ba da nata izini, idan kuma gwajin magani ne, sai hukumar kula da magunguna ta ƙasar ta ƙara da nata. Tushen da kowa ke komawa gare shi shi ne Sanarwar Helsinki ta 1964 kan ɗa'ar bincike a jikin ɗan Adam, wadda aka sake yi wa gyara a 2024, da jagororin 2016 na CIOMS, majalisar ƙungiyoyin kimiyyar likitanci ta duniya, da ƙa'idojin gudanar da gwajin magani na ICH, majalisar daidaita dokokin magunguna tsakanin ƙasashe. A miƙa takardu ga dukkan kwamitocin a lokaci guda, kada a jira na farko ya gama, sannan a riƙe kwafi ɗaya tak na kundin tsarin binciken mai lamba da kwanan wata, domin idan kowane kwamiti ya nemi gyara aka yi masa nasa daban, za a wayi gari ana gudanar da bincike uku da suna ɗaya. Wasu yankuna sun rage wannan wahala: a Tarayyar Turai tun daga 31 ga Janairu 2022 akwai ƙofa ɗaya ta intanet da ake miƙa buƙatar gwajin magani ga ƙasashe da yawa, a Afirka kuma dandalin AVAREF yana shirya zaman duba takardu na haɗin gwiwa tsakanin hukumomi.

Takardar amincewar majinyaci a fassara ta zuwa harshen da yake ji, a ba wani da bai ga ta asali ba ya mai da fassarar harshen farko don a ga abin da ya zube a hanya, sannan a karanta wa mutanen da ba ma'aikatan lafiya ba ne a ji yadda suka fahimta. Dole ta faɗi a fili cewa jini ko nama ko bayanai za su bar ƙasar, da inda za su, da tsawon lokacin da za a ajiye su, da ko za a yi wani binciken da su nan gaba, da yadda mutum zai janye. Masu binciken cutar daji sun fi kowa sanin dalili, tunda ƙwayoyin halittar ƙari da aka ɗiba daga jikin wata majinyaciya, Henrietta Lacks, a Amurka a 1951 ba da saninta ba sun bazu a ɗakunan gwaje-gwajen duniya, iyalanta kuma ba su sani ba sai bayan fiye da shekara 20. Akwai kuma tambayoyi biyu masu nauyi da ya kamata a amsa a rubuce idan ƙasashen ba ƙarfinsu ɗaya ba: wace irin kulawa za a ba waɗanda ba su sami sabon maganin ba a cikin gwajin, kuma idan maganin ya yi aiki, wa zai ci gaba da ba majinyatan bayan an rufe binciken.

Ta fuskar bayanai, dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, GDPR, wadda ta fara aiki a 25 ga Mayu 2018, ta sauya yadda ake aiki da duk wata cibiya ta Turai. A ƙarƙashinta, cire suna a sa lamba bai fitar da bayani daga zama bayanin mutum ba matuƙar akwai mabuɗin da ke mai da lambar ga mai ita, kuma fitar da shi daga yankin yana bukatar hujja ta doka. Ƙasashe da dama sun yi nasu dokokin, kamar Kenya a 2019 da Najeriya a 2023. Saboda haka a shigo da lauyoyin cibiyoyin tun a watan farko, domin yarjejeniyar musayar bayanai takan daɗe fiye da yadda ake zato. Mabuɗin sunaye ya zauna a asibitin da ya ɗauki majinyaci, kada ya tsallaka iyaka ko da wasa. Inda doka ta hana bayanai fita kwata-kwata, ana iya juya tafiyar, a tura manhajar lissafi zuwa rumbun kwamfutar kowace cibiya, ta yi aikinta a can, jimillar sakamako kawai ta dawo, kuma manhajar DataSHIELD don haka aka yi ta.

Aika samfuri

Kada kwalba ko ɗaya ta tashi sai an sa hannu a yarjejeniyar miƙa samfuri, wadda za ta fayyace mai shi, da gwajin da aka yarda a yi da shi, da haramcin miƙa shi ga wani na uku, da makomar abin da ya rage. A raba kowane samfuri biyu, rabi ya zauna a ƙasar da aka ɗebe shi. Jini da ɗanyen nama galibi suna tafiya ne a ƙarƙashin UN3373, lambar jigilar kaya masu haɗari ta Majalisar Ɗinkin Duniya, cikin marufi uku: kwalbar da ba ta yoyo, a cikin wata mai ɗauke da abin tsotse ruwa, a cikin kwali mai ƙarfi. Idan da busasshiyar ƙanƙara za a aika, ita ma tana da tata lambar, UN1845, kuma ba a toshe akwatinta ruf, domin iska take komawa, za ta iya fasa shi. A zuba wadda za ta wuce kwanakin tafiya da rara mai yawa, a saka na'urar da ke rubuta yanayin sanyi a ciki, a tura takardun kwastan tun kafin kaya su tashi, a aika a farkon mako, a kuma duba ranakun hutun ƙasashen biyu. Kafin a aika na gaske, a gwada hanyar da kwalaben ruwa.

Tarihin wannan fanni yana da labarin jinkirin da ya zama alheri. Denis Burkitt, likitan tiyata a Kamfala wanda ya bayyana wani dajin muƙamuƙin yara a 1958, yana aika wa wani mai bincike, Anthony Epstein, samfuri ta jirgin sama zuwa Landan. A watan Disamba na 1963 hazo ya sa aka karkatar da jirgin zuwa Manchesta, samfurin ya iso a makare, ruwansa ya yi gurɓi-gurɓi kamar ya lalace. Da Epstein ya duba, sai ya ga ƙwayoyin ƙarin ne da ransu suke yawo a ruwan, daga nan aka samu hanyar rainonsu, a 1964 kuma shi da Yvonne Barr da Bert Achong suka ba da sanarwar ƙwayar cutar bairos ta farko da aka danganta da daji a jikin ɗan Adam. Sai dai wannan sa'a ce da ba a tsara aiki a kanta, domin abin da jinkiri ya saba haifarwa shi ne akwati mai ɗumi da aikin shekara da ya tafi a banza.

Kafin duk wannan ma, a tambaya ko aikawar ta zama dole. Idan gwajin abu ne da za a iya koya wa ma'aikatan wurin, sau da yawa kai na'ura da mai koyarwa ya fi kwaso samfuri amfani, domin na'urar da ƙwarewar za su ci gaba da yi wa majinyata aiki bayan binciken ya ƙare.

Kuɗi da suna

Waɗannan biyun ne mutane ke jin nauyin tayar da maganarsu a farkon zumunci, su ne kuma ke raba abokan aiki a ƙarshe. Tun ran gini ran zane. A rubuta kasafin kuɗin tare, kowane ɓangare ya ga dukkan shafukansa, ba nasa kaɗai ba. A sa kuɗin abubuwan da ba a gani, irin su wutar da za ta riƙe firiza a ma'aunin sanyi 80 ƙasa da sifiri dare da rana, da gyaran na'urori, da albashin akawu, da kuɗin motar majinyatan da za su dawo don bibiya. A lura cewa wasu masu ba da tallafi kaɗan suke biya na hidimar cibiya, misali hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta daɗe tana ba cibiyoyin ƙasashen waje kashi 8 cikin 100 kacal na kuɗin aikin a wannan fanni. A yarda kan kuɗin ƙasar da za a yi lissafi da shi da wanda zai ɗauki asara idan canji ya motsa. Tsarin da ake cewa cibiya ta kashe nata tukuna a biya ta daga baya yana durƙusar da ƙaramar cibiya, don haka a nemi a riƙa ba da wani kaso a gaba.

Game da suna, a rubuta ƙa'idar wallafa sakamako kafin a samu sakamakon: wa zai jagoranci wace maƙala, yaya za a jera sunaye, kwana nawa za a ba kowa ya duba rubutu kafin a miƙa wa mujalla, kuma wane tsawon lokaci masu tattara bayanai za su samu su yi nazarinsu kafin a buɗe wa duniya. Sharuɗɗan zama marubuci na kwamitin editocin mujallun likitanci, ICMJE, sun bukaci a sa hannu a rubutu ko gyaransa, amma bai halatta a hana mutum damar yin hakan ba sannan a ce bai cika sharaɗi ba. Wanda ya shekara yana ɗaukar majinyata, aka ƙare da gode masa a layin ƙarshe, ba zai sake amsa waya ba, kuma yana da gaskiya. Kundin ɗa'a na TRUST na 2018, wanda Hukumar Tarayyar Turai ta ɗauka a matsayin abin dogaro ga ayyukan da take tallafawa, ya yi magana kai tsaye a kan wannan, da kuma kai wa ƙasa mai rauni binciken da ba za a yarda a yi shi a gida ba.

Bayan an fara

A yi rajistar gwajin magani a rumbun da jama'a ke iya dubawa, kamar ClinicalTrials.gov ko rajistar PACTR ta Afirka, kafin a ɗauki majinyaci na farko, domin tun 2005 manyan mujallu ba sa karɓar gwajin da bai yi haka ba. A fara da 'yan majinyata kaɗan a kowace cibiya, a bi su daga fom har zuwa rumbun bayanai, a gyara abin da ya karkace, sannan a buɗe ƙofa sosai. Kwamitin jagoranci ya ƙunshi kowace ƙasa da ƙuri'a daidai, a riƙa juya wurin taro da lokacinsa, kada kullum ɓangare ɗaya ne ke neman biza ko tashi da tsakar dare. Kwamitin da ke sa ido kan lafiyar majinyata kuwa ya zama mai zaman kansa, da ikon ba da shawarar a dakata.

A kuma rubuta abin da za a yi idan aiki ya katse, ko don sauyin gwamnati, ko annoba, ko yankewar tallafi. A 2009 IARC ta fara wani bincike a Indiya don kwatanta allura 2 da allura 3 na rigakafin ƙwayar HPV mai jawo dajin bakin mahaifa, sai a watan Afrilu na 2010 hukumomin ƙasar suka dakatar da yin allurar a ayyukan bincike saboda dalilan da ba su shafi wannan aikin ba, dubban 'yan mata suka tsaya a allura ɗaya. Masu binciken ba su watsar da su ba, suka ci gaba da bibiyarsu fiye da shekara 10, aka ga kariyar allura ɗaya ta yi daidai da ta allura biyu da ta allura uku, kuma wannan sakamako, haɗe da na Kosta Rika da Kenya da Tanzaniya, shi ya sa a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince ƙasashe su iya yin allura ɗaya. Abin da ya ceci aikin shi ne rajista mai kyau da ma'aikatan da suka san gidan kowace yarinya.

Tun da sauran shekara guda tallafi ya ƙare a zauna a yanke makomar firiza da abin da ke cikinta, da wanda zai ci gaba da biyan kuɗin rumbun bayanai, da inda ma'aikatan da aka horar za su koma. A kai sakamako ga ma'aikatar lafiya ta kowace ƙasa da majinyatan da suka shiga, cikin harshen da suke ji, ko da sakamakon bai zo yadda aka so ba. Idan tambayar irin wadda amsarta ke ɗaukar shekaru masu yawa ce, kamar binciken rigakafin ciwon hanta na Gambiya da aka fara a 1986 da jarirai don a ga ko zai hana dajin hanta idan sun manyanta, to a ɗora bibiyar a kan rajistar cutar daji ta ƙasa, a kuma nemi gwamnati ta sa rajistar a cikin kasafin kuɗinta na shekara-shekara kafin kuɗin waje su ƙare.